Matar da Ke Karanta Allo Daga Ƙasa

Ƙarfe bakwai da kwata take shigowa ofis, shekara ashirin da uku ke nan. Mai gadi ma ya daina duba agogo, in ya ji takunta a kan matakala ya san lokaci. Takan ajiye jaka a kan kujerar nan mai gurguwar ƙafa, ta zuba ruwan zafi a kofinta da ya tsage a baki, ta gyara mayafi, sannan ta kunna allo. Ofishin ajiyar jini ne, kuma a allon ake ganin firji ɗari da talatin da bakwai na asibitoci manya da ƙanana, kowanne da layinsa da lambar sanyinsa. Kowa daga sama yake fara karantawa, inda manyan asibitoci suke. Ita kuwa sai ta ja allon har can ƙurya, ta fara da layin da ba wanda ya damu da shi. Shi ya sa ake ce mata Anti Daga-Ƙasa, kuma tana amsawa abinta.

Aikin nata ba shi da wuyar faɗa, yinsa ne sai mai haƙuri. A cikin kowane firji akwai 'yar na'ura mai auna sanyi, tana aika lamba zuwa shafin intanet na kamfanin da ya kafa ta. Daga nan sai wata manhaja ta je ta ɗebo lambobin ta zuba a allon ofis. In firji ya wuce digiri shida, saƙo ya tafi wayoyin mutanen asibitin, su tashi su gyara. In ya kai goma, jinin da ke ciki ya tashi aiki, sai zubarwa. Anti ce ke riƙe da wannan hanya tsakanin shafin kamfani da allo. Ita famfo take ce mata. "Famfo na zuba?" in ji ta kowace safiya, ko gaisuwa ba ta gama ba.

Layin ƙarshe na wani ƙaramin asibiti ne a ƙarshen kwalta, mai ɗakin haihuwa ɗaya da ɗakin tiyata ɗaya, likita kuma sai ranar Litinin da Alhamis. Ungozomar wurin ce Anti ke kira kullum bakwai da rabi. Shekara tara suna gaisawa, sun san sunayen jikokin juna da ciwon gwiwar juna, amma ba su taɓa haɗa ido ba. Ta nan Anti ta san halin firjinsu fiye da wanda ya ƙera shi. Da hasken rana yake aiki, batirinsa kuma ya tsufa. Duk ranar da gari ya waye da hadari, kafin ƙarfe tara ya fara ɗumi, saƙo ya tafi, a tada janareta.

Akwai wani abu da ta taɓa yi da aka daɗe ana mata dariya a kai. A jerin wayoyin da saƙon wannan asibiti ke zuwa, ta sa ungozoma, ta sa likita, sannan ta ƙara lambar wani mai faci da ke bakin ƙofar asibitin. Shugaban ofis ya gani ya ce, "Hajiya, me ya haɗa mai faci da jini?" Ta ce, "Ranka ya daɗe, shi kaɗai ne ba ya shiga ɗakin haihuwa." Ya girgiza kai ya wuce, lambar kuma ta zauna.

To, da ritayarta ta matso, sai aka yanke shawarar a raba famfon da tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburinta, wadda ke gurnani kamar injin niƙa, a mayar da shi kan sabuwar manhaja da ke zaune a gajimare, wato can a manyan kwamfutocin intanet. Aka ɗauko Injiniya, mutum mai furfura kaɗan a gemu da takardun shaida cike da jaka. Ba mugu ba ne, kuma ya iya aikinsa, sai dai yana da saurin cewa "an gama". Anti ta so a jira ta, domin an sa mata ranar aikin yanar ido. Aka ce mata ta je ta huta, ai komai a hannu yake. Ranar Laraba aka yi mata aiki. Ranar Alhamis aka kashe tsohuwar kwamfuta, aka kunna sabuwar hanya, allo ya yi kore shar, aka yi tafi.

Ranar Juma'a ungozoma ta kira ta a gida don yi mata sannu. Cikin hira take gaya mata akwai wata mai ciki da za a yi wa tiyata ranar Litinin da tsakar rana, mabiyiya ta sauko ta tare hanya, likita ya ce za ta zubar da jini sosai. Jininta kuma irin mai wuyar samu ne. Mijinta, direban babbar mota, ya ajiye aiki mako uku yana bin dangi da abokai ana gwadawa, da ƙyar aka haɗa leda biyu. "Suna nan a firji, Anti," in ji ta. "Ni dai ko wucewa zan yi sai na yi musu addu'a."

Litinin gari ya waye da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Likitan ido ya ce mako biyu kada ta kalli allo. Malam, mijinta, ya tsaya a bakin ƙofa da lema a hannu yana cewa, "Yanzu ke da ido ɗaya da rabi ina za ki? Ofishin ba zai rushe ba." Ta ce, "Malam, hadari ne a gari." Ya san me take nufi, domin shi ma ya haddace labarin firjin nan. Ya yi ƙwafa, ya ɗauko makullin mota.

Takwas saura kwata ta shiga, da baƙin tabarau, gefen zanenta sharkaf. Ma'aikata suka taso da murna, ana ta "Anti sannu da jiki", Injiniya ya ja mata kujera yana nuna mata sabon allo kamar mai nuna amarya. Duk layi kore ne. Ta ce, "Ja min shi ƙasa." Wani ya yi dariya ya ce hali dai na nan. Aka ja. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin, lambobin suna rawa a idonta.

"Karanta min na ƙarshe."

"Huɗu da ɗigo ɗaya, Anti. Lafiya lau."

"Awa ɗaya da ta wuce fa?"

Injiniya ya danna. "Huɗu da ɗigo ɗaya."

"Jiya?"

Ya sake dannawa. "Haka dai."

Firjin da ake buɗewa sau goma a wuni, mai tsohon batir, a safiyar da babu rana, ba ya zama a lamba ɗaya ko da awa guda, balle kwana huɗu. Ta ce, "Wannan lambar ta mutu tun ranar Alhamis. Gawa kuke kallo."

Injiniya ya ce ba zai yiwu ba, ga manhaja nan tana rubuta "an yi nasara" duk bayan minti biyar. Anti ta ce, "Layi nawa take ɗebowa?" Ya duba, ya sake dubawa, sannan murya can ƙasa ya ce, "Ɗari." Ta cire tabarau ta ajiye, idon da aka yi wa aiki ya yi ja yana hawaye. Ta riga ta gane. Shafin kamfanin ba ya ba da lambobi gaba ɗaya. Ɗari-ɗari yake bayarwa, in ka karɓi na farko sai ka ce a ba ka shafi na gaba. Tsohuwar kwamfutarta ta san da haka, domin ita ta koya mata shekara tara da suka wuce. Injiniya kuwa da firji ashirin ya yi gwaji, bai taɓa cin karo da shafi na biyu ba. Sabuwar manhaja takan je ta karɓi ɗari, ta yi godiya, ta dawo ta ce an gama. Sauran talatin da bakwai allo ya ci gaba da nuna lambarsu ta ƙarshe, kore shar, kuma ko firji zai tafasa babu saƙon da zai fita.

Ta ciro waya ta kira ungozoma. Ba ta shiga. Ta kira likita, ta kira mai faci, duk abu ɗaya, muryar nan mai cewa ba a samun lambar. A yankin nan in ana ruwa kira ba ya shiga, saƙon hannu ma maƙalewa yake, na manhaja ne kawai yakan samu ya silale. Ta miƙa wa sakatariya wayar ta ce, "Kada ki daina bugawa." Aka raba sauran lambobi talatin da shida wa duk mai waya a hannu, ofis ya kaure da "halo, halo".

Ana cikin haka ta ji ƙas-ƙas-ƙas a gefenta. Injiniya ne, gumi na karyo masa duk da sanyin ruwa, yana ta danna maɓallin sake gwadawa, yana canza abu yana sake dannawa.

"Kai! Ɗaga hannunka!"

Ba a taɓa jin ta ɗaga murya haka ba. Ya ɗaga hannu kamar wanda aka kama da sata. Kamfanin yana da ƙa'ida, tambaya sittin kacal yake amsawa a awa, in ka cinye sai ka jira awa ta zagayo. Ta ce, "Saura nawa?" Ya duba. Saura biyu, kuma agogo ya nuna takwas da minti talatin da biyar.

"Anti, biyu sun isa," in ji shi da sauri. "Shafi na ɗaya, sai na biyu. Bari in saita ta bi su a jere." Ta ce ya yi a hankali, ya karanta mata duk abin da zai rubuta. Ya karanta, ta saurara da ido a rufe, sai dai ba ta iya ganin abin da yatsunsa suka buga ba. Ya danna. Allo ya yi tunani, ya dawo da jan rubutu. Garin sauri ya tsallake harafi ɗaya. Saura tambaya ɗaya.

Innalillahi, in ji wani a baya. Injiniya ya dafe kai. Shugaba, wanda ya fito daga ofishinsa tun da ya ji tsawar, ya ce, "To a jira tara mana, minti ashirin ne kawai." Anti ta ce, "Ranka ya daɗe, na san firjin nan. In ya fara hawa, minti ashirin ya ishe shi." Ta juya wajen Injiniya. "Manta da shafi na ɗaya. Nemi na biyu shi kaɗai."

Shugaba ya ce, "Haba Hajiya! In kika yi haka manyan asibitoci ɗari za su fita daga idonmu har tara. In wani abu ya faru a can, wa zai amsa?" Ba rashin tausayi ne ya sa ya faɗi haka ba, tsoro ne, kuma tsoron nasa yana da dalili. Ta ce, "Manyan suna da ma'aikaci zaune a gaban firji. Waɗannan mu kaɗai gare su. In abu ya faru, ni ce. Rubuta sunana." Ya dube ta, ya dubi agogo, ya ce, "Yi."

Wannan karon ba ta yarda da kunne kaɗai ba. Ta sa aka ƙara girman rubutu har kowane harafi ya kai babban yatsa, ta rufe idon mai ciwo da tafin hannu, ta bi layin da ɗayan, harafi bayan harafi. Ta sa ya goge wani waƙafi, ta sa ya mayar. Abin da take gani a ranta leda biyu ne kawai da wani direba da ba ta taɓa gani ba. Ta ce, "Bismillah. Danna."

Daƙiƙa huɗu, biyar, shida. Sai ƙasan allon ya motsa. Layuka talatin da bakwai suka farka, lambobi suka canza, biyu suka yi ruwan ɗorawa. Na ƙarshe ya yi ja wur.

"Takwas da ɗigo tara," in ji Injiniya.

Kusa da layin wata 'yar alama ta fito: an aika saƙo zuwa waya uku. Shi ke nan abin da za su iya. Tambaya ta ƙare, kira ba ya shiga, tara saura minti goma sha shida. Ba wanda ya zauna. Sakatariya tana ta bugawa tana sharar hawaye. Injiniya ya ce, "Anti, ki yafe min," ta ce, "Ba yanzu ba. Gyara wancan harafin, tara na yi mu ɗebo duka." Ta ba shi aiki ne don kada ya faɗi. Ruwan zafinta ya huce a kofi ba ta taɓa ba. Tun da aka yi agogon bangon nan bai taɓa tafiyar hawainiya irin ta ranar ba.

Tara ta buga. Ya danna, famfo ya zubo, shafi na ɗaya da na biyu a jere. Ba wanda ya kalli sama. Kowa, har Shugaba, ƙasan allon ya zuba wa ido.

"Tara da ɗigo ɗaya."

"Kafin nan fa? Karanta min tarihin."

"Tara da biyu... tara da biyar... tara da shida... tara da huɗu... tara da ɗaya." Ya ɗago. "Anti, sauka yake yi!"

Sai a lokacin ta zauna a kan gurguwar kujera, jaka da komai. Ta ce alhamdulillahi sau uku, sannan ta ce a duba mata biyun nan masu ruwan ɗorawa.

Da ruwa ya tsagaita aka ji yadda aka yi. Saƙo ya shiga wayar ungozoma tana tsakiyar karɓar haihuwar wata, hannu cikin safa, kan jariri ya fito. Ya shiga wayar likita yana kan hanya, mota ta kafe a taɓo. Ya shiga wayar mai faci yana fake a rumfarsa. Bai iya karatun boko sosai ba, amma ya san saƙon nan, domin Anti ta taɓa kiransa ta ce duk ranar da ya gan shi ya bar abin da yake yi. Ya keta ruwa da gudu, takalmi ɗaya ya tsinke ya bar shi a nan, ya je tagar ɗakin haihuwa yana kwaɗa sallama. Ungozoma ta ƙwala masa cewa makullin ɗakin janareta na ƙarƙashin tukunyar fure. Janaretan ya yi gardama, ya cire fulogi ya goge da rigarsa, a ja na bakwai ya tashi.

Likita ya iso sha ɗaya, ya ce ba zai sa wa mace jinin da bai san tarihinsa ba. Anti ta sa aka tura masa jerin lambobin tun daga ranar Alhamis, waɗanda duk suna ajiye a shafin kamfanin, ba wanda ya je ya ɗebo ne kawai. Ya gani da idonsa cewa bai taɓa kai goma ba. Aka shiga tiyata sha biyu da rabi. Matar ta zubar da jini kamar yadda aka yi tsoro, leda biyun nan duka suka shiga jikinta. La'asar ungozoma ta kira, Anti na ɗauka ta ji kukan jaririya kafin ta ji muryar kowa.

Matar nan tana gidanta yanzu tana goyo. Ta gode wa likita, ta gode wa ungozoma, mijinta ya kai wa mai faci sabon takalmi. Ba ta san akwai wata Anti ba, kuma Anti ta hana a gaya mata. Da aka matsa wa Anti da tambaya sai ta ce ita ma a haihuwarta ta biyu jinin wani aka sa mata, har yau ba ta san ko na wane ne ba, kuma ba ta ga ya zo neman godiya ba.

Ke ce wadda ba ki taɓa riƙe allura ba, Anti, amma akwai masu numfashi yau saboda ke. Ke ce kika ƙi yarda da kore don kawai kore ne. Mun yi miki dariya a kan lambar mai faci, mun yi miki dariya a kan karatu daga ƙasa, kin bar mu mun yi dariyarmu kin ci gaba da abinki. Uwar layin ƙarshe, mun ji kunya, kuma mun gode.

Ranar bankwana ba ta yi dogon jawabi ba. Ta ce Injiniya ya iya aiki, a riƙe shi, kuma kada wanda ya sake tada maganar harafin nan. Shi kuwa ya tashi a gaban kowa ya ce laifinsa ne, ya faɗi yadda aka yi tiryan-tiryan, bai rage komai ba. Yanzu allon yana da sabon layi a can sama, da manyan baƙaƙe, mai nuna firji nawa aka ji daga gare su cikin ɗari da talatin da bakwai, kuma duk lambar da ta yi rabin awa ba ta motsa ba toka-toka take komawa. Shi ya ƙara wannan da kansa. Kofin mai tsagewa ta bar masa.

Allah ya saka miki da alheri, Anti, ya ƙara wa idon nan haske, ya ba Malam haƙurin zama da ke a gida wuni guda cur. Mu kuma da muka rage, duk wanda aka damƙa wa wani jeri, na marasa lafiya ne ko na ɗalibai ko na ƙauyuka, in an ce masa an gama, ya daure ya ja shi har ƙasa ya ga wa ke can. Mutum ne, kuma wataƙila ba shi da kowa sai kai.

Litinin ɗin farko bayan tafiyarta, bakwai da kwata, Injiniya ya zauna ya ja allo har ƙurya. Bakwai da rabi ya ɗauki waya ya kira layin ƙarshe, ya gyara murya ya ce shi ne daga ofishin jini, yana tambayar lafiyar firji.

Ungozoma ta yi dariya ta ce, "Lafiya lau, Injiniya, huɗu da ɗigo uku. Ai Anti ta riga ka kira."